Jirgin Ƙungiya Daga Baki Yake Mutuwa

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani ƙaramin abu wanda ba a cika kawo shi gaban taron ƙungiya ba, watau bakin kwalekwale. Wani zai ce ina ruwan manomi da jirgi. Amma duk wanda ya san Kogin Kaduna, tun daga Rafin Guza da Unguwar Rimi da Kabala har zuwa gefenmu na Unguwar Mu'azu da Nasarawa da Kudenda, ya san akwai gonaki da lambuna da yawa waɗanda jirgi ne hanyarsu mafi kusa. A jirgi ake ƙetarar da taki da iri da injin ban ruwa. A jirgi kuma masara da tumatir da alayyafo suke dawowa. Waɗansu ƙungiyoyi sun tara kuɗi sun sayi nasu, waɗansu kuwa suna haya wurin masu fito da masu ɗiban yashi.

Ra'ayinmu shi ne wannan: jirgin ƙungiya daga baki yake soma lalacewa, dalili kuwa shi ne kowa yana shiga, amma ba wanda aka ɗora wa nauyin dubawa. Saboda haka ya kamata kowace ƙungiya mai jirgi ta sa kula da bakinsa cikin dokokinta a rubuce, da mutum guda mai riƙon aikin, da kuɗin da aka keɓe dominsa. Ya kamata kuma a daina shafa masa baƙin mai na mota. Ga dalilanmu.

Mene ne aikin bakin jirgi?

Ku dubi kwandon da uwargida take zuwa kasuwa da shi. Muddin ɗaurin bakinsa yana nan, kwando yana nan. Ran da bakin ya tsinke, saƙar duka sai ta soma warwarewa, ko da gindin bai yi kome ba. Haka jirgin katako yake. Katakon da ya bi gefen jirgi daga goshi zuwa baya, shi ne yake riƙe da kawunan haƙarƙarin jirgin, shi ne kuma yake hana gefe biyu su buɗe sa'ad da aka loda kaya. Idan ya ruɓe, ƙusoshi sai su saki, jirgi ya riƙa murɗewa cikin ruwa, mahaɗin katakai na ƙasa su soma yoyo. Mai jirgi sai ya yi ta toshe ƙasa da auduga da kwalta, alhali ciwon a sama yake.

Jirgin da aka sassaƙa daga gungume ɗaya ma bai tsira ba. Nasa ya fi muni, gama bakinsa da jikinsa abu ɗaya ne. Idan bakin ya tsage, tsagewar takan bi jijiyar itacen ta gangara ƙasa, ba a kuwa iya cire wurin a sa wani cikin sauƙi.

Ban da wannan, duk wahalar aikin yini a baki take sauka. A kansa ake jan buhun taki. A kansa filafili da gwangwala suke gogawa. A kansa masunci yake jan taru, mai yashi kuma yake kwankwasa shebur. Shi ne yake bugun dutse a mashigi, shi ne yake bugun jirgin maƙwabci in an ɗaure su tare. Yashin da ya maƙale a ƙafar mai shiga yana cinsa kamar samfefa kowace rana.

Domin haka masu hikimar aikin jirgi a ƙasashe da yawa sukan buga wani siririn katako dabam a kan bakin, ko a gefensa ta waje. Mu kira shi katakon baki. Aikinsa ke nan ya sha bugu da guga a madadin jirgin. In ya cinye, sai a ɓamɓare shi a buga sabo, jirgi yana nan lafiya. Kamar takalmi ne ga ƙafa: gara takalmi ya tsinke da ƙaya ta shiga tafin sawu.

Me ya sa baki yake riga ƙasa ruɓewa?

Mutane da yawa suna tsammani ruwa ne yake ruɓar da itace, saboda haka gindin jirgi suke dubawa kaɗai. Gaskiyar magana ita ce, wani irin fumfuna ne yake cin itace, shi kuwa yana bukatar abu biyu tare, danshi da iska. Masanan katako sun nuna cewa idan ruwan da ke cikin itace bai kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsa ba, wannan fumfuna ba ya iya aiki. Haka kuma idan itace ya nutse sarai inda iska ba ta kai gare shi, ba ya iya aiki.

Muna da shaidar wannan a ƙasarmu. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, a ƙasar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani jirgi a ƙarƙashin ƙasa. An tono shi a 1994. Tsawonsa ya ɗara mita 8, an sassaƙa shi da itacen maɗaci, masana kuma sun auna shekarunsa sun kai wajen 8,000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Abin da ya kiyaye shi duk wannan zamani shi ne yana kwance cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa inda iska ba ta shiga.

To, bakin jirgin ƙungiya kishiyar wannan ne. Da safe raɓa ta jiƙa shi, da rana ya bushe, mai fito ya watsa masa ruwa, da yamma ruwan sama ya sauka. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba yana cikin danshi da iska tare, abin da fumfuna yake so ke nan. Hunturu kuma ya zo daga Nuwamba, itace ya ƙanƙance ya tsattsage. Damina ta dawo, ruwa ya shiga cikin tsagar ya kwanta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Laka da ɓawon masara da ƙasar taki da suka cika tsagar su ne suke riƙe danshin kwana da kwanaki.

Akwai kuma ƙusa. Ƙusar ƙarfe ta kasuwa tana yin tsatsa cikin jiƙaƙƙen itace, tsatsar kuma tana cin itacen da ke kewaye da ita. Baƙin tabon da kuke gani yana gangarowa daga kan ƙusa alama ce. Bayan ɗan lokaci ramin ya fi ƙusar girma, sai ta riƙa motsi, ruwa yana bin ta ciki.

Abin da ke cikin hatsari

Abu na fari shi ne dukiyar ƙungiya. Itatuwan da kakanni suke sassaƙa jirgi da su, irin su maɗaci da kawo da loko, manyansu sun yi wuya a dazuzzukanmu. Har ƙasashen duniya sun lura. A ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda take tsare dabbobi da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, an sa wa fitar da maɗobiya zuwa ƙasashen waje takunkumi tun 2017, a taron Panama na 2022 kuma aka ƙara maɗaci da kawo. Wannan doka ta cinikin ƙetare ce, ba ta hana kafinta aikinsa a gida ba. Amma tana gaya mana cewa jirgin da ke hannu ya fi wanda za a saya gobe kyawun katako da sauƙin kuɗi. Siririn katako biyu da gwangwanin fenti ba su kai ko kusa da kuɗin sabon jirgi ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne rai. Tsakanin ruwan kogi da cikin jirgi ba kome sai tsayin gefen nan. Idan baki ya cinye ya yi giɓi, ruwa ba ya tambayar inda ya fi tsayi, ta giɓin zai shiga. Kogin Kaduna kuwa a watan Agusta da Satumba ba abin wasa ba ne. Manya sun tuna da ambaliyar Satumba ta 2003 da ta 2012, yadda ruwa ya shiga gidajen bakin kogi a cikin garin nan.

Ƙasarmu ta sha kuka a kan jiragen katako. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da ke tafiya tsakanin Jihar Neja da Warra a Jihar Kebbi ya karye a tsakiyar ruwa da mutane fiye da 150, waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne. A ƙarshen Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari a Bagwai ta Jihar Kano, yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan makarantar Islamiyya. A watan Yuni na 2023 mutane fiye da 100 masu dawowa daga biki suka hallaka a Kogin Kwara wajen Pategi, kusa da inda kogin namu yake zuba ruwansa. Dalilan da aka fi ambata a irin waɗannan masifu su ne lodi fiye da kima, da tsufan jirgi, da tafiyar dare, da karo da kututture. Ba mu ce bakin jirgi ne ya kashe waɗannan bayin Allah ba. Abin da muke cewa shi ne, tsufan jirgi ba dare ɗaya yake zuwa ba. Yana somawa ne daga ƙusa ɗaya da ta saki, ba wanda ya kula. Jirgin da ke ɗaure sosai a baki yana iya jure karon da zai raba sakakken jirgi gida biyu.

Yadda za a tsabtace shi

Aikin kowace rana ba ya ɗaukar lokaci. Wanda ya yi amfani da jirgi na ƙarshe ya kwashe ruwan ciki, ya share laka da yashi daga baki da tsintsiya, ya ɗauraye. In an ɗauko takin zamani, lalle a wanke wurin da buhu ya zauna, domin takin yana jawo danshi, yana kuma hanzarta tsatsar ƙusa.

Sau ɗaya a wata a yi masa wanka sosai. Sabulu da ruwa da soso ko buroshi mai taushi sun isa. A bi tsawon jijiyar itacen, kada a gitta ta. Kada a sa buroshin waya, gama yana yage fuskar katako ya buɗe wa ruwa hanya. Inda gansakuka ta kama, a kankare da ɗan guntun itace. A ciro ƙasar da ke cikin tsaga da tsinke. Ruwan sabulun a zubar da shi a tudu, ba cikin kogi ba.

A ranar nan kuma a yi gwajin wuƙa. A bi bakin duka ana danna tsinin wuƙa a hankali, musamman kewaye da ƙusoshi, da mahaɗin katakai, da goshi, da baya. Itace mai lafiya yana ƙin wuƙa. Inda ta nutse kamar cikin dafaffen rogo, wurin ya ruɓe, fenti ba zai warkar da shi ba. Sai an yanke har an kai itace mai ƙarfi, a sa sabo. A kama bakin da hannu biyu a jijjiga. In ya motsa dabam da jikin jirgin, kada a yi lodi sai an gyara.

Yadda za a kāre shi

Babban gyara sau ɗaya ne a shekara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama kwaso amfanin damina, cikin Disamba ko Janairu, sa'ad da ruwa ya ja baya, iska kuma ta bushe. A jawo jirgi tudu, a ɗora shi bisa gumagumai domin kada ya taɓa ƙasa gara ta same shi. A sa shi a inuwa ko a rufa masa zana. Kwana kaɗan sun isa baki ya bushe. Kada a bar shi mako da makonni cikin hunturu, gama katakan ƙasa za su ƙanƙance, mahaɗinsu ya buɗe.

In za a buga sabon katakon baki, a nemi zuciyar itace, jan nan na ciki. Farin da ke kusa da ɓawo ba ya daɗewa, ko na wane itace ne, shi ƙwari suke fara ci. Ba a bukatar babban gungume. Ragowar maɗaci ko loko ko kawo daga wurin kafintoci ta isa, mai faɗin inci 2 da kaurin inci 1 ga ƙaramin jirgi. A goge kaifin gefensa ya zama da'ira, domin kada ya yanki hannu ko taru, fenti kuma ya fi zama a kan gefe marar kaifi. Inda katako biyu za su haɗu, kada a kara su kai da kai. A fiƙe kowanne a karkace, tsawon fiƙar ya kai kamar sau 8 na kaurin katakon, su hau juna.

Kafin a buga, a shafa kwalta ko fenti mai kauri a fuskokin nan biyu da za su manne, domin nan ne ruwa yake ɓuya. A shayar da kan katakon, wajen da zarto ya yanka, fiye da ko'ina, gama ta nan itace yake shan ruwa kamar kara. A nemi ƙusa galbanaiz, wadda ba ta saurin tsatsa, ko da ta fi tsada. A huda rami tukuna kafin a buga, in ba haka ba itace mai tauri zai tsage. In tsinin ya fito ta ɗaya gefen, a lanƙwasa shi ya koma cikin itace.

Daga nan sai fenti. A goge da samfefa, a share ƙura. Shafin fari a sirka fentin mai domin itace ya sha, in ya bushe a ƙara biyu. A zaɓi fari ko wani launi mai haske a saman baki. Baƙi yana tara zafin rana ya ƙara tsaga itace, kwalta kuma takan narke ta ɓata buhu da tufafi, saboda haka wurinta ƙarƙashi ne. Wanda ya sami man linsid wurin masu sayar da fenti, shi ma yana da kyau, sai dai yana bukatar sabuntawa da sauri. A kula da tsumman da aka shafa wannan mai da shi. In aka dunƙule shi aka ajiye, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a fili ko a jiƙa shi da ruwa. Man gyaɗa da man ja ba su da amfani a nan, ba sa bushewa, sai gayyato fumfuna da tururuwa da ɓera. Kowane shafi kuwa a bari ya bushe sarai a tudu kafin jirgi ya koma ruwa.

Wajen da jirgi yake bugun dutse ko wani jirgi, tsohuwar taya tana da amfani ƙwarai, ana kuwa samunta da masu yanka ta a Panteka. Amma a kiyaye abu biyu. A ɗauki ɓangaren da ba waya a ciki, gama wayar takan yi tsatsa ta fito ta tsaga hannu. Kuma kada a naɗe bakin duka da roba kamar an sa masa hula. Ruwa zai shiga ƙarƙashi ya kasa fita, itace ya ruɓe a ɓoye, ido yana ganin roba lafiya lau. A buga ta a gefen waje kaɗai, a bar ƙasanta a buɗe. Inda filafili ko igiya suke gogawa kullum, a ƙara ɗan guntun katako wanda za a riƙa sakewa.

Maganar baƙin mai

Mun san a nan ne waɗansu za su yi gardama da mu. Za su ce baƙin mai na mota kusan kyauta ne a gareji, an daɗe ana shafa shi, yana kuma korar gara. Ba mu musa cewa yana da araha ba, ko cewa ƙwari ba sa sonsa. Amma araha ba ta ado. Wannan mai ba ya bushewa har abada. Yana sa baki santsi, a daidai wurin da tsohuwa take dafawa, yaro kuma yake takawa. Yana shiga buhun masara da kwandon tumatir. Itacen da ya sha shi ba ya karɓar fenti kuma. Yana ɗauke da ƙurar ƙarfe da dattin ƙonewar inji, masu binciken lafiya kuwa sun gargaɗi mutane kada su bar shi yana daɗewa a fata domin hatsarin ciwon daji.

Mafi girma duka, kowane ruwan sama yana wanke shi zuwa cikin kogi. Hukumar kāre muhalli ta Amurka ta ce man da aka juye daga mota ɗaya sau ɗaya ya isa ya ɓata ruwan sha galan miliyan 1. Kogin nan ya riga ya sha wahala. Tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957 ya yi shekaru yana karɓar ruwan rini, yau kuma yana karɓar dattin gari mai yawan jama'a. Da ruwansa muke ban ruwan alayyafon da 'ya'yanmu suke ci. Daga nan yana gangarawa ƙauyukan Gbagyi, ya shiga tafkin Shiroro, ya wuce Zungeru da Wushishi har ƙasar Nupe, inda mutane suke sha, suke kamun kifi. Su ma maƙwabtanmu ne ko da ba mu san fuskarsu ba. Bai dace ƙungiyar da take buɗe taronta da addu'a ta riƙa aika musu da guba domin ta tsimi kuɗin fenti ba.

Waɗansu kuma za su ce in ajali ya zo ba katakon da zai tare shi. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake. Amma Allah ɗin nan ne ya umarci Nuhu ya shafe jirginsa da ƙaro ciki da waje, kamar yadda muke karantawa a Farawa sura 6. Sa'ad da Ubangijinmu ya kira Yakubu da Yahaya, a cikin jirgi ya same su suna gyaran tarunsu. A 1986, da ruwan Tekun Galili ya ja baya saboda fari, an sami wani jirgin masunta na wajen zamanin nan cikin laka. Da masana suka duba shi, suka ga itace iri goma ko fiye a jikinsa, faci bisa faci. Talakawa ne masu shi, sun yi ta gyara abin da ke hannunsu shekara da shekaru. Dogara ga Allah ba ta hana su riƙe guduma ba.

Abin da muke roƙon ƙungiyoyi su yi

Na ɗaya, a zaɓi mutum guda a taro, a rubuta sunansa a littafin magatakarda, shi ne mai kula da jirgi na shekarar. Abin da aka ce na kowa ne, ba mai shi. A ba shi ikon hana jirgi tashi in ya ga bai cancanta ba, ko da shugaban ƙungiya ne mai kayan. A kuma ba shi ɗan ihsani, domin aiki ne.

Na biyu, a keɓe wani kaso daga kuɗin kowane fito, ko mudu kaɗan daga amfanin kowane mai lambu a ƙetare, a ajiye wurin ma'aji da sunan gyaran jirgi. Kada a ranta wa kowa wannan kuɗi, kada a sa shi cikin hidimar biki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, a sa ranar gayya biyu cikin tsarin shekara. Ta fari cikin hunturu domin babban gyara. Ta biyu a watan Mayu ko farkon Yuni, kafin kogi ya kawo, domin a sāke gwajin wuƙa, a taɓa fenti inda ya goge. Matasan ekklesiya su zo su koya. Zumuntar mata kuwa su ne suka fi shiga jirgin nan da kayan lambu, a saurari abin da suka gani.

Na huɗu, ran da ake fenti a ja layi mai launi dabam a gefen jirgi ta waje, ƙasa da baki. Ƙungiya ta shawarta da gwanayen ruwa a kan inda za a ja shi, amma a ganinmu kada ya gaza taƙi guda ga ƙaramin jirgi. In ruwa ya taɓa layin, lodi ya isa, sauran kaya su jira sawu na biyu. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowane fasinja ya sa rigar kāriya. Ƙungiyoyin ekklesiya su zama na fari wajen biyayya, kada su jira sai an zo kama su.

Na biyar, ƙungiyar da take haya ba ta kuɓuta daga wannan magana ba. Kafin a ɗora buhu, a dubi bakin jirgin, a jijjiga. In ya yi kyau, a yaba wa mai shi, a riƙe shi abokin ciniki. In bai yi ba, a gaya masa da ladabi, in ta yiwu a taimaka masa da katako a cire daga kuɗin haya. Da yawa cikin masu fito da masunta da kafintocin jirgi a kogin nan maƙwabtanmu Musulmi ne, waɗansunsu sun gāji aikin ruwa daga iyaye da kakanni. Sun fi manomi sanin itace da halin kogi. A je wurinsu a yi tambaya, a biya su hakkinsu in sun yi aiki. Jirgi ɗaya muke shiga da su, in ya kife ba ya zaɓen wanda zai zubar.

Muna roƙon shugabanni su karanta wannan a taro na gaba, kāna su sauka mashigi da wuƙa a hannu kafin mako ya ƙare. Wanda ya sami wata dabara mai kyau a wajensu, ya rubuto mana domin sauran ƙungiyoyi su amfana. Ubangiji ya tsare shigarku da fitarku, ya sa albarka ga aikin hannuwanku.